Mahaifina Koci Ne

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, kuma Baba ya riga mu tafiya. An sallace shi a Harami bayan La'asar, maza suka wuce da shi maƙabarta, mu mata muka zauna a gidanmu na unguwar Shisha a Makka muna karɓar gaisuwa. Gidan ya cika har kan matakala. A titi an jera wa maza kujeru, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ina zaune kusa da Umma, saboda haka duk abin da aka faɗa a kan mahaifina a kunnena aka faɗe shi.

"Allah sarki Malam, mutum mai haƙuri," in ji wata tsohuwa da muka yi maƙwabtaka da ita a unguwar Tandabawi. Umma ta ɗago kai ta dube ta, ta sake sunkuyawa. Duk wanda ya yi yini guda da Baba ya san haƙuri ba ya cikin halayensa. Wata ta ce ba ya rasa sahun farko a masallaci, wannan kam gaskiya ne. Sai wata ta karkata wajen Inna, yayar Umma, ta ce, "Ba shi ne yake shara a kulliyar nan ba?"

Inna ta ce, "E to, ya ɗan taɓa aiki a can."

Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta danne mini gwiwa.

Da na leƙa ta taga na ga waɗanda suka san shi da gaske. Wasu dogayen mutane ne, kujerun roba sun yi musu kaɗan, gwiwoyinsu sun kusa kai ƙirji. Akwai Larabawa, akwai 'yan Burma, akwai namu. Wasu da furfura, wasu da tumbi. Wani ya rufe fuska da rawaninsa yana kuka kamar yaro, yana ta cewa, "Kabtin, Kabtin." Haka ake kiran koci a nan. Waɗannan su ne ɗaliban da Baba ya horar a ƙwallon kwando, shekara da shekaru.

A rana ta biyu Baffa, wan Baba, ya kira mu a bakin matakala, ni da wana da muke kira Yaya. Ya ce, "Ku gaya wa abokan nan nasa su rage zancen ƙwallo. Mutum ya cika a Makka, an sallace shi a Harami, a bar shi ya tafi da mutuncinsa."

A gidanmu ba a mayar wa Baffa magana. Amma maganar tana nan tana ci na har yau, kuma ita ta sa na zauna nake wannan rubutu. Mahaifina koci ne. Bai yi sata ba, bai yi abin kunya ba. Ya koyar da ƙwallon kwando a wata kulliya, wato kwaleji, ta garin nan tun kafin a haife ni, har na yi aure na haihu. Danginsa suna jin nauyin faɗa, kulliyar kuma ta ƙi faɗa. To ni zan faɗa.

Baffa ne ya kawo shi daga Kano don ya yi karatun Larabci da fiƙihu. Kafin nan Baba ya yi kwalejin horon malamai a gida, a can ya koyi wasan, a can kuma aka fara ba shi ƙananan ɗalibai ya horar. Da ya zo nan, wani abokin karatunsa ya ja shi fili wata rana don 'yan wasansu ba su cika ba. Shugaban sashen wasanni ya tsaya ya kalle shi, ya ce ya dawo gobe. Ya dawo gobe, ya dawo jibi. Kafin shekara ta zagayo littattafan fiƙihu sun koma saman kabad, ƙungiyar kulliyar kuma tana hannunsa. A takardar zamansa, wato igama, sai aka rubuta shi a matsayin lebura, aka ce ya yi haƙuri, za a gyara baɗi. Wannan baɗin ba ta zo ba har ya mutu.

Baffa bai taɓa yafe masa barin karatun ba. Da Larabci kwandon wasan sunansa salla, kuma Baba ya san yadda zai tsokani ɗan'uwansa da wannan. In Baffa ya zo gidanmu ya tarar yana ɗaure takalmi, sai ya ce, "Ina zuwa kuma?"

"Salla zan tafi, Yaya."

"Wace sallar? La'asar ta wuce."

"Wadda nake limancinta."

Wata rana wasan ya ɓaci. Baffa ya ce, a gaban Umma da mu duka, "Mutane suna sayar da gonakinsu don su ga Ka'aba sau ɗaya. Kai Allah ya zaunar da kai a gefenta, ka ƙare a bin yara da gajeren wando." Baba ya miƙe tsaye, kansa ya kusa taɓa fanka. Ya ce, "Yaran nan da kake rainawa, in aka kira salla ni nake jera su sahu. Akwai wanda na raba da ƙwaya. Akwai wanda na mayar gidan ubansa bayan ya gudu. Ka nuna mini babin da ya hana." Sun daɗe ba sa gaisawa sai a wajen biki ko rasuwa.

Ni ban taɓa ganin wasa ko ɗaya da Baba ya jagoranta ba. A lokacin ba a barin mata su shiga. Abin da na sani a kan tabarmar cin abinci na sane shi. Yana dawowa, muryarsa a dishe, zai jefa kanumfari a baki, ya jawo kofunan shayi ya jera su. Wannan kofin shi ne dogon yaron nan na Aziziyya, wannan cokalin shi ne alƙalin wasa, kuma alƙalin wasa kullum makaho ne. Miyar kuka tana hucewa, Umma tana cewa, "Malam, ka ci abinci," shi kuwa yana tura kofi ta bayan tulun ruwa yana nuna mana yadda aka ci su da sakaci. In sun yi nasara, labarin gajere ne. In an ci su, sai mun ji shi har da safe.

Yana da maganganunsa da duk gidan muka haddace. "Ƙwallon nan ba gadon ubanka ba ce, miƙa ta." Haka yake ce wa mai son cin wasa shi kaɗai, haka kuma yake ce mana in ɗayanmu ya rungume kwanon nama. "Wanda ya gaji ya faɗa, wanda ya yi ƙaryar gajiya ya fita." Yana duba faratan 'yan wasansa kafin atisaye kamar malamin firamare. Ba ya zama a benci. An ce ya taɓa jifa da kujera har aka hana shi shiga fili na wani lokaci, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Ranar da aka haifi autarmu yana Ɗa'if da ƙungiyarsa, maƙwabta ne suka kai Umma asibiti. Yana iya tuna wanda ya zubar da ƙwallo a wasan da aka yi shekaru da suka wuce, amma bai san ajin da nake ba. Na yi fushi da shi a kan wannan, na gaya masa yana raye, ya ce, "Kin yi gaskiya," ya ɗauki jakarsa ya tafi fili.

Akwai ranar da ya dawo bai taɓa kofunan ba. Wasan ƙarshe ne na cin kofi tsakanin kulliyoyi, a wani gari, kuma suna gaba da maki. Sai wasu 'yan kallo suka fara kiran wani baƙin yaro a cikin 'yan wasansa da sunan bawa, duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. Baba ya je wurin alƙali ya ce a tsawatar. Alƙali ya ce bai ji ba. Baba ya juya ya ce wa yaransa, "Yalla, ku kwashi kayanku." Ya fitar da su daga filin, aka ba wa ɗaya ɓangaren kofi. Mudirin kulliya, wato shugabanta, ya kira shi washegari ya ce ya zubar musu da daraja. Baba ya ce, "Kofi ana sake yin wani. Yaron nan uwarsa ta ba ni shi amana." Daga ranar manyan wurin suka san ba za su iya juya shi ba, kuma ina jin daga ranar suka fara jiran lokacinsu.

Abin da ya fi ciwo a gidanmu shi ne na Yaya. Duk wanda ya gan shi yana wasa ya ce Baba bai taɓa horar da kamarsa ba. Tun yana ƙarami Baba ya kafa masa ƙarfen kwando a bangon gidanmu na Tandabawi, yana sa shi jifa da hannun hagu har sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Da ya girma yana bin Baba atisaye, yana wasa da 'yan kulliya yana wuce su. Amma da lokacin shiga kulliyar ya yi, aka ce takardunsa ba su ba shi dama ba. A Makka aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, bai taɓa ganin Kano ba. Baba ya bi ofis-ofis, ya roƙi mutanen da ya ciyo wa kofuna. Kowa ya ce masa, "In sha Allahu, Kabtin," ya raka shi bakin ƙofa.

Ina tsakar gida ranar da Yaya ya ciro ƙarfen nan daga bango ya jefar a gaban Baba. Ya ce, "Me ya sa ka koya mini abin da ka san ba za a bar ni in yi ba?"

Baba, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya tsaya yana kallon ƙarfen. Can ya ce, "Na zaci in ka fi kowa za su ji kunya."

"Kai sun ji kunyarka?"

Yaya ya fita. Yau tasi yake tuƙawa, lokacin aikin Hajji kuma yana tura tsofaffi a keke. Bai sake taɓa ƙwallo ba.

Wanda ya samu abin da Yaya ya rasa wani ɗalibi ne ɗan ƙasa, maraya, da Baba ya jawo jikinsa. A gidanmu yake cin abincin rana, har ya iya cin tuwo da hannu, yana kiran Umma da Ummi. Da ya karye a gwiwa kulliya ta manta da shi. Baba ne yake zuwa gidansu a kan dutse, ya goya shi a baya ya sauko da shi matakala, ya kai shi asibiti, ya sake hawa da shi. Da aka ce ba zai ƙara wasa ba, Baba ya ce, "Ƙafa ce ta tafi, kai yana nan," ya mayar da shi mataimakinsa. Ya koya masa duk abin da ya sani, ya matsa masa ya je ya yi kwas ya samo takardar koci, irin wadda shi Baban ba a yarda ya zauna jarrabawarta ba.

Sai aka zo da tsarin cewa mai horar da ƙungiya dole ya zama ɗan ƙasa mai takarda. Baba ya ji labarin, ya ce a gida, "Madalla, yarona yana da ita. Shi zai riƙe suna, mu ci gaba da aiki." Bai yi baƙin ciki ba, wallahi ina wurin. Abin da bai sani ba shi ne an riga an gama magana. Wata La'asar ya je kamar kullum da jakarsa, mai gadin da suka yi shekaru suna shan shayi tare ya fito ya tsaya a gabansa. Ya kasa kallon idonsa. Ya ce, "Ka yafe ni, Kabtin. An ce daga yau sai da izini."

"Izinin wa?"

"Na sabon koci."

Baba ya tsaya a rana ya kira mataimakin nasa a waya. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba, alhali ga motarsa nan a ajiye a cikin harabar. Ya dawo gida ya ajiye jakar a bayan ƙofa. Umma ta ce, "Lafiya, Malam?" Ya ce, "An sallame ni a bakin ƙofa, kamar mai talla." Babu wanda ya zo daga kulliyar, babu wanda ya kira. Kofunan da ya ciyo suna can a cikin gilashi.

Daga nan ya fara lalacewa. Mutumin da muryarsa take cika layi ya koma zama a bakin taga. In La'asar ta yi sai ka ga ƙafarsa tana motsi, ya duba agogo, ya kau da kai. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya ne yake ɗaga shi, yake yi masa wanka, yake kai shi Harami ranar Juma'a a keke. Ban taɓa jin sun tayar da tsohon zancen ba. Likita ya ce ciwo ne ya kashe shi, kuma kwana ne ya ƙare, na yarda. Amma na san ranar da ciwon ya fara.

A rana ta uku ta zaman makoki sai ga mataimakin nan ya zo, cikin farar riga mai guga, yana ɗan ɗingishi. Baffa ya tare shi hannu biyu, don babban mutum ne yanzu. Yaya ya bar hannunsa a aljihu. Mutumin ya matso bakin ƙofar mata ya yi sallama, ya ce, "Ummi, Allah ya girmama ladanku. Wallahi ba ni da iko a kan abin da ya faru."

Umma ta juya wajena ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "A zuba masa abinci. Ya saba cin na gidan nan."

Kafin ya tafi ya gaya wa Baffa cewa kulliya za ta karrama Baba kafin wasansu na gaba, kuma yanzu ana barin iyalai su shiga. Umma tana takaba, ba za ta fita ba. Baffa ya ce shi ba ya zuwa wurin wasa. Yaya ya ce ba zai taka wurin ba. Na ce masa, "Ni zan je, ko da tasin wani ne. Ina so in ga inda ya cinye mana uba." Ranar da za a yi, na fito na tarar da shi a mota yana jirana.

Filin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ƙasan katako ne mai sheƙi, takalma suna ƙara a kansa. Na zauna ina neman inda Baba yake tsayawa. Sai mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce a yi addu'a ga ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan sashen wasanni, wanda ya yi wa wannan fili hidima da gaskiya. Ya faɗi sunan Baba, bai ma faɗe shi daidai ba. Kalmar koci ba ta fito daga bakinsa ba. Aka yi ɗan tafi, aka kira Yaya aka miƙa masa wani allo na katako, mudiri ya riƙe hannunsa har aka ɗauki hoto. Duka abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na ce, "Yaya, tashi mu tafi."

Muna miƙewa aka hura usur, wasa ya fara. Ba mu kai ƙofa ba na ji wani ɗan wasa, Balarabe fari sol, ya ɗaga hannu ya ƙwala ihu: "Kunama! Kunama!" Nan take biyu suka zagaya ta baya, ɗaya ya sulale ƙarƙashin kwando, ƙwallo ta shiga. Da ɗaya ɓangaren suka ɗauko ta, sai na ji dukansu suna cewa, "Gida! Gida!" suna komawa da gudu. Can kuma, "Rufe! Rufe!"

Na kama hannun rigar Yaya. Na ce, "Me nake ji haka?"

Idonsa yana kan filin. Ya ce, "Sunayen dabarun Baba ne. Da Hausa ya sa musu, don kada abokan karawa su gane." Bai koma ya zauna ba, bai kuma fita ba. A tsaye muka kalli rabin wasan, leɓensa yana motsi kafin yaran su kira kowace.

Da aka tafi hutu 'yan wasan suka zo wucewa ta gabanmu. Na tsayar da wanda ya fara ihun, na tambaye shi da Larabci ko ya san ma'anar kunama. Ya goge zufa ya yi murmushi, ya ce, "Sunan dabara ne kawai, Hajiya. Haka muka tarar. Ina jin daga Amurka aka kawo ta."

Sabon kocin yana bayansa, ya ji tambayar, ya ji amsar. Na dube shi, na jira. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar usur ɗinsa.

Sai na ɗaga murya, yadda 'yan benci da mudiri da mai lasifika za su ji. Na ce, "Hausa ce. Harshen mutumin da aka ce muku ma'aikaci ne. Shi ya ƙirƙiro ta, shi ya koya wa wanda yake koya muku. Mahaifina ne, kuma kocin wurin nan ne. Ku tambayi wannan, in zai iya musantawa."

Yaron ya juya ya kalli kocinsa. Mutumin ya ce, a hankali, "Gaskiya ta faɗa."

Yaya ya ajiye allon katakon a kan bencinsu, ya ce, "Ku riƙe abinku, sai kun rubuta daidai." Muka fito.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa zafin ransa, Ka karɓi wahalar da ya sha a kan 'ya'yan mutane. Masu cewa in yi haƙuri, na ji, ina ƙoƙari. Amma duk wanda ya sake tambayata aikin mahaifina, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki, ko Baffa yana zaune, amsar da zai ji ke nan.